Zanen saƙi a cikin kayan aurenki

'Yata, na ga saƙonki. Kin ce ƙawayenki sun yi dariya da suka ga zanen saƙi da turkuɗi a cikin kayan da Inna ta haɗa miki, wai kayan ƙauye a tsakiyar leshi da atamfa, kina tambaya ko dole ne a sa su.

Ba dole ba ne, ba farilla ba ce. Amma kafin ki tura su ƙarƙashin gado, ki san abin da ke hannunki.

Audugar a ƙasarmu aka noma ta, mata suka kaɗa zare da mazari, masaƙa suka saƙa. Na saƙi zaren aka fara rinawa kafin a saƙa, turkuɗi kuwa sai da aka saƙa sannan aka kai marina. Ki je Ƙofar Mata a Kano, inda aka ce ana rini tun 1498, zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. Marini zai haɗa baba da toka da ruwa a karofi, ya bar su kwanaki su ruɓa, da ido da hanci yake gane sun nuna. In ya tsoma zane sai ya fito kore-kore, iska na bugunsa ya rikiɗe shuɗi a gaban idonki. Wannan ilimi ne, ko da ba a jami'a aka koye shi ba. Turkuɗin kuwa aikin Kura ne, ana zuba masa shuni a yi ta bugu har ya riƙa walƙiya. Buzaye har daga Agadas suke nemansa don rawani.

Wani Bajamushe, Barth, da ya zo Kano a 1851, ya rubuta cewa tufafin Kano na kaiwa har Tumbuktu da Tarabulus. Mu ke sayar wa duniya a lokacin. Yadi mai araha daga Ingila, daga baya na Sin, shi ya kashe kasuwar, karofi da yawa suka bushe.

Abin da ya fi damuna ma ba zanen ba ne. Masu dariyar nan su ne za su kawo miki man bilicin da sunan gyaran jiki. Mu lalle aka sa mana, aka yi mana turare, babu wanda ya ce fatarmu na da aibin da za a kankare. Angon naki a baƙarki ya gan ki ya aiko.

Ki ɗaura saƙin ranar kamu in kina so. Turkuɗin dai yana zuba, kada ki haɗa shi da fararen kaya.