Malam, ka fi sa ido a kan gwanin rukunin

Malam, wallahi da na karanta tambayarka a kan yadda za ka raba maki a aikin rukuni na zanen cip ɗin kwamfuta sai na ji kamar ni na rubuta ta. Ɗalibi ɗaya yana kwana a kan Verilog, harshen da ake rubuta zanen cip da shi, sauran rukunin sun naɗe hannu suna jiran maki, ka rasa yadda za ka raba.

Ni dai a rukunin da na koyar, ba ragwayen ne suka fi ƙona min rai ba, gwanin ne. Yaron akwai kai, amma ba ya bari kowa ya leƙa aikinsa. Ana jibi za a tura zanen masana'anta, ya shiga cikin dare ya cire riset, wato siginar da ke mayar da su matsayin farawa, daga wasu rijistoci (ƙananan ma'ajiyar bayanai a cikin cip) wai don ya rage fili, bai gaya wa kowa ba. Muka yi watanni muna jira. Cip ya iso, muka ɗora a allo, muka ba shi wuta, shiru. Yarinyar da ta sha wahalar ɓangaren ajiyar bayanai ta tsura wa allon ido har hawaye suka zubo mata. Da na tuhume shi, ko a jikinsa, wai ai a FPGA, cip ɗin da ake iya sake tsarawa don gwada zane, ya yi aiki! To, a FPGA rijistoci kan tashi da sifili, a cip ɗin siliki da aka ƙera kuwa kowace da abin da ta ga dama take farkawa. Har yau bai ba 'yan'uwansa haƙuri ba, abin yana ci min tuwo a ƙwarya.

Don Allah ka ware masu gwaji daban, kada kowa ya gwada abin da ya rubuta da hannunsa. Kamfanoni haka suke yi. Intel ma kuskuren lissafin rabawa a cip ɗinta na Pentium a 1994 ya ci mata dala miliyan 475. Kada a shigar da komai a Git, manhajar da ke ajiye tarihin canje-canjen aiki, sai wani ya duba ya amince, kuma ka sa ranar da za a kulle zane tun da sauran lokaci.

Masu cewa 'yan digirin farko ba za su iya zana cip ba, ka rabu da su. Ɗaliban da masaniyar zanen cip Lynn Conway ta koyar a jami'ar MIT ta Amurka a 1978 sun ga an ƙera zanensu, yanzu ga fasahar ƙera cip ta kamfanin SkyWater mai nanomita 130 a buɗe ga kowa tun 2020, ga Tiny Tapeout, shirin da ke haɗa ƙananan zane-zane na mutane da yawa a cip ɗaya a ƙera.

Maganar maki kuwa, ka zaunar da kowa shi kaɗai ya yi maka bayanin ɓangaren abokinsa. Tarihin Git zai nuna maka sauran.