Baba zai zo Landan, ni kuwa ban san ko'ina ba

Tambaya: Assalamu alaikum Yaya. Ina aikin kula da tsofaffi a gabashin Landan. Daga ɗaki sai wurin aiki, ranar hutu kuwa ko barci ko ƙarin aiki, don hidimar gida ba ta yankewa. Yanzu mahaifina ya samu bizar ziyara, zai yi wata guda a wurina, ga shi ban san ko'ina a garin ba. Ina zan kai shi ba tare da na cinye abin da nake turawa gida ba? Kuma gaskiya ina ɗari-ɗarin yawo cikin gari saboda maganar takardu. Daga ƙaninka a Landan.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya kawo Baba lafiya, ya yi maka albarka.

Bari in fara cire maka wannan ɗari-ɗarin. Dokar Birtaniya ba ta tilasta wa kowa yawo da fasfo a titi ba, kuma babu mai tambayarka biza a ƙofar gidan tarihi, jaka kawai suke leƙawa. Katin BRP, wato katin izinin zama, ya daina aiki tun ƙarshen 2024, izinin zamanka yanzu yana intanet, saboda haka ka tabbata asusunka na UKVI, hukumar biza ta Birtaniya, yana buɗewa kuma fasfonka na yanzu ne a ciki. Abin da ya fi ba ni tsoro a wasiƙarka shi ne ƙarin aikin nan. Mai bizar aiki irin taka awa 20 a mako aka yarda masa ya yi a wani wurin, shi ma da sharuɗɗa. Ka lissafa awanninka da kyau. Sannan doka ta ba mai aikin kwana biyar a mako hutun kwana 28 a shekara, da albashinsa. Haƙƙinka ne, ka nema a rubuce tun yanzu, kafin a fitar da jadawalin watan da Baba zai zo.

Shi kuma Baba, bizarsa ba ta yarda ya yi aiki ba, kuma in aka kwantar da shi a asibiti za a caje shi. Ka yi masa inshorar lafiya, ya taho da magungunansa, ya koma kafin wa'adi ya cika, don gobe ma ya sake samu.

To, yawo. Da ni ne, Bush House zan fara kai shi, a Aldwych. Dattijon da ya tashi da rediyo a kunne ya san wannan suna, domin Sashen Hausa na BBC, wanda ya fara watsa shirye-shirye a 1957, ya daɗe yana magana daga nan kafin su tashi a 2012. Jami'ar King's College ce a ciki yanzu, daga waje za ku tsaya. Ka ɗauke shi hoto a ƙofar, wannan hoton ne zai fi zagayawa a majalisarsu. Daga nan ku gangara Westminster ya ji bugun babban agogon nan na Big Ben da kunnensa.

Gidan tarihi na British Museum shiga kyauta ne, kamar sauran manyan gidajen tarihin gwamnati. An kafa shi a 1753, kuma girmansa ya wuce a gama a yini ɗaya, kada ma ka gwada da ƙafar dattijo. Ka zaɓi wuri biyu ko uku. Ku sauka ƙasa zuwa ɗaki na 25, na Afirka, inda aka jera allunan tagulla na Benin a jikin sanduna, waɗanda sojojin Ingila suka kwaso daga fadar Oba a 1897. Ka bar shi ya matsa kusa ya ga murjanin da aka zana a wuyan fadawa, da yadda maƙeri ya fitar da kowane ƙwayar ido. Zai yi sha'awa, zai kuma ji ɗaci, don har yau Najeriya tana neman a mayar mata da su. Ni dai ina ganin ya kamata kowane ɗan ƙasarmu da ke Landan ya tsaya a gabansu ko sau ɗaya ne. A sama akwai sashen duniyar Musulunci da aka buɗe a 2018, da rubuce-rubucen hannu da tangaran da na'urorin duba taurari. Ka sanar da shi tun daga gida cewa akwai gumaka da gawarwakin Misirawan da a naɗe. In ransa bai so ba, ku wuce. Kuma kada ka ce masa Fir'auna ne, shahararrun gawarwakin sarakunan Masar suna Alƙahira.

Wata ranar kuma South Kensington, inda gidajen tarihi uku suke maƙwabtaka da juna. A Natural History Museum, kana shiga za ka ga ƙasusuwan babban kifin teku mai tsawon mita 25 a rataye saman kanka. A V&A (gidan tarihin Victoria da Albert) akwai dardumar Ardabil ta Iran, saƙar wajen 1540, wadda ake kunna mata fitila na minti goma kawai duk rabin awa don kada haske ya kashe launinta. Na ukun na kimiyya ne, wannan ya fi dacewa da yara.

Greenwich ma ba ta barin baya. Duk wanda ya saba jin "agogon GMT" a rediyo, ga tushensa a kan tudu. Layin da ya raba duniya gabas da yamma daga nan ya bi ta Faransa da Spain da Aljeriya da Mali har ya fita teku ta Tema a Ghana. Shiga harabar gidan duba taurarin da ke kan tudun da kuɗi, amma lambun da kallon gari daga kan tudun kyauta ne. In da sauran ƙarfi, akwai ramin masu tafiya a ƙafa da aka buɗe a 1902, ku ratsa ta ƙarƙashin kogin Thames ku ɓulla wancan gefen.

Ranar Juma'a ku yi salla a babban masallacin Regent's Park, ku zauna a lambun bayan an idar. Lahadi kuma a kusurwar Hyde Park ta wajen Marble Arch ana taruwa, kowa ya hau kan ɗan tsaninsa ya faɗi abin da ke ransa. Ku saurara, amma kada ka bari a ja ku cikin musun addini, masu ɗaukar bidiyo sun yi yawa a wurin. Edgware Road na nan kusa, gidajen abincin Larabawa na halal a jere.

A ci ne kuɗi yake tafiya. Kada ku sayi abinci a cikin gidan tarihi, ka dafa shinkafa ka zuba a kula, ka cika filas da shayi. Ka ware kuɗin cin waje sau biyu ko uku. In Baba ya fara kewar tukunyar gida, ku nufi Rye Lane a Peckham, akwai tsire da doya da kuɓewa da busasshen kifi da manja. Ka tambayi mahauci ko halal ne, ba abin kunya ba ne.

Bas ba ta karɓar tsabar kuɗi tun 2014. Ka saya wa Baba katin Oyster na biyan kuɗin bas da jirgi, in kun canza bas cikin awa ɗaya kuɗi ɗaya za a cire, kuma akwai iyakar abin da ake cirewa a yini. Ku hau benen bas ku zauna a gaba, rabin garin za ku gani da kuɗin mota.

Maganar gida kuwa, ka faɗa musu tun yanzu cewa na watan nan zai ragu saboda Baba yana hannunka. Babu mai hankalin da zai ƙi. Amma abin da ya fi damuna, ƙanena, shi ne ka zauna a gari irin wannan kana ɗaga tsofaffin mutane dare da rana, kai kuma ba ka da inda kake zuwa ka sha iska. Ƙunci yana kama 'yan ci-rani ta wannan ƙofa, kuma in ka kwanta ciwo, abin da kake turawa ma ya tsaya. Saboda haka kada ka jira saukar Baba. Ranar hutunka mai zuwa ka ƙi karɓar ƙarin aiki, ka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa zuwa Holborn, ka je British Museum kai kaɗai. Ka gano inda lif yake da banɗaki da kujerun hutawa, ka kuma auna tafiyar daga tasha zuwa ƙofa, ko gwiwar Baba za ta ɗauka.