Baffana ya sayar da gonar kakanmu, za a iya warware cinikin?

Ɗan'uwa, ka ce baffanka ya sayar da gonar gado ba da saninku ba. Ana iya warware cinikin. A yawancin dokokin gargajiya, filin da ba a raba ba na dangi ne gaba ɗaya, shugaban dangi amana kawai yake riƙe, sai da yardar manyan dangi zai sayar.

Amma kotu hujja take bi. Nemi dattawan da suka san tarihin gonar, da maƙwabtan da za su nuna bishiya ko dutsen da ke kan iyaka, tun suna raye. Don Allah kada ka zuba ido mai saye ya fara aza tubali, shirunku zai iya zama hujja a kanku. Ka ga lauya cikin makon nan.