Tambaya da Amsa: Ina Faransanci ya samo kalmar "chien"?

Tambaya: Malam, ina koyon Faransanci. An ce mini chien, wato kare, daga canis ta Latin ta fito, amma ban ga kamarsu ba. Kuma me ke kawo ta cikin jumlolin da babu zancen kare?

Amsa: Daga Latin ɗin ta fito, sai dai daga canem, siffar da kalmar ke ɗauka idan ta zo a matsayin karɓau. Sauyi biyu ne suka ɓoye kamar. A arewacin Faransa, sautin k da ya zo kafin a ya koma irin c ɗinmu ta "ci", sannan wajen ƙarni na 13 ya sassauta ya zama sh. Shi ne ya mayar da cantare ta Latin chanter (rera waƙa), capra ta zama chèvre (akuya), caballus ta zama cheval (doki). Bayan wannan sauti kuma, wasalin a da ake dannawa ya rikiɗe ya zama ie, ƙarshen kalmar ya zube. Italiyanci bai bi wannan hanya ba, har yau cane yake cewa.

Ka kula da lafazi, don nan ɗalibai ke tuntuɓe. Gaɓa ɗaya ce, kusan "shyen", amma ba a furta n ɗin, wasalin ne ke fita ta hanci. Da zarar harshenka ya taɓa ganɗa ka fitar da n, to chienne ka ce, wato karya, wadda zagi ne mai muni idan aka jefi mace da ita. Kwikwiyo kuwa chiot ne.

Sauran ma'anonin na da yawa. Chien sunan ƙarfen da ke bugun harsashi ne a bindiga, kuma wanda ya kwanta "en chien de fusil" ya takure ne a gefe guda, gwiwoyi a naɗe. "Temps de chien" mummunan yanayi ne, "entre chien et loup" kuwa almuru, lokacin da ido ba ya bambance kare da kyarkeci. Abin mamaki, "elle a du chien" yabo ne: mace ce mai kwarjini da jan hankali.

Wadda ta fi burge mu ita ce canicule, matsanancin zafi irin wanda ya kashe mutum kusan 15,000 a Faransa a 2003. Asalinta canicula, 'yar karya, sunan da Romawa suka ba tauraron Sirius, domin yana fitowa tare da rana a tsakiyar lokacin zafi. Daga wannan canicula ɗin ne kuma aka samu chenille, tsutsar malam-buɗe-littafi.