Agogon da ya tsaya, wanki yake nema kafin mai

Ɗana, ka ce wannan Seiko 5 da aka kawo mana daga Birni, tunda in an girgiza shi yana ɗan motsi, me zai hana mu ɗiga masa mai mu rufe, mai shi ya karɓi abinsa yau. Matso da kujerarka.

Wannan samfurin tun 1963 Japanawa suka fara ƙera shi, kuma alhazai sun shigo da irinsa da yawa daga Makka. Ba ya cin batir, motsin hannu ne ke ɗaure masa sifirin. Balansiyensa, wato ɗan faifan nan mai kai-komo, na bugawa sau 6 a daƙiƙa, sau 21,600 ke nan a awa, dare da rana. Duk wannan kai-komo a kan ƴan tsinin ƙarfe yake, waɗanda ke juyawa cikin jajayen duwatsun nan. In ka ga an rubuta 17 ko 21 a fuskar agogo, yawansu ake nufi. Man da aka sa musu tun ba a haife ka ba ya bushe ya zama danƙo, ƙurar hunturun Damagaram kuma ta samu wurin zama. Ka zuba sabon mai a kai, ka haɗa abin da zai riƙa cin ƙarfen a hankali. Zai yi tafiya mako biyu ko wata, mai shi ya yi ta sa maka albarka, sannan ya dawo da tsini a cinye. Ina za ka samo masa wani a kasuwar Dole?

Don haka sai an kwance shi kaf. Ka fara sauke ƙarfin babban sifirin sannu a hankali, don in ka kwance gada, wato farantin ƙarfen da ke riƙe da faifai masu haƙora, da ƙarfi a ciki, haƙoran za su karye. Ka cire balansiye da wuri ka kife masa kofi. Siririn gashin da ke nannaɗe a jikinsa shi ke riƙe da lokaci, in ya lanƙwashe gyaransa aikin manya ne, ba naka ba tukuna.

Batun hannu kuwa, na lura kana matse hantsaki kamar mai cire ƙaya. Shi ya sa abu ke tsalle ya ɓace. Riƙo kaɗan ya isa. Ka kafa gwiwar hannu a tebur, ka sunkuyo har idonka ya zo daidai da aikin. Bakin hantsakin ya haɗu tsaf, in bai haɗu ba ka wasa shi a dutse. Haka turnabis, ya cika ramin kan kusa daidai, in ya yi ƙanƙanta zai zame ya karce gada. Ƙaramin sifirin da ke danne dutsen balansiye shi ya fi kowa gudu, ka shimfiɗa farar leda a kansa ka yi aiki ta ƙarƙashinta. Kar yatsa ya taɓa ƙarfe, gumi tsatsa yake bari. Kar ka hura da baki, ga robar iska nan. Ka ɗauki hoto da waya kafin ka cire kowane abu, amma ka ajiye ta nesa, akwai maganaɗisu a lasifikarta. Gashin nan in ya kama maganaɗisu yakan manne da juna, agogo ya riƙa gudu.

Wanki da benzin mai tsabta ake yi, ba esansin kwalba na bakin hanya ba. Alkol kuma kar ya jiƙa ƙugiyar nan mai duwatsu biyu, yana narkar da ƙaron da ya riƙe su. Kowane rami ka fiƙe tsinke ka juya a ciki har ya fito fes. Fuskar agogo ba a wanke ta. Masu shi ma sau da yawa tsufan nan suke so, tunda haka suka san shi a hannun mahaifinsu. In kuma tsoho ne sosai, na kafin shekarun 1960, fentin da ke haske da dare yana iya zama mai radiyom, guba ce, kar ka kankare shi.

Sai a ƙarshe mai zai zo, na agogo, irin su Moebius, ba na keken ɗinki ba. Da tsinin allura ake ɗauka, ɗigon ma kar ya cika ramin dutse, in ya yi yawa zai malale ya bar wurin a bushe. Haƙoran faifai ba a sa musu ko kaɗan.

Ka ce wa mai shi ya dawo bayan mako guda, don in mun haɗa sai mun gwada shi a kwance da a tsaye. Kai kuma ɗauko mataccen agogon can na cikin gwangwani, shi za ka kwance yau. Wannan ni zan buɗe, kana kallo.