Tambaya da Amsa: Wace Shinkafa Ce Ta Dace da Wanda Sukarinsa Ya Fara Hawa?

Tambaya: Assalamu alaikum. An gwada jinin maigidana da safe kafin ya karya, aka samu 1.12. Likita ya ce bai kai ciwon sukari ba, amma yana bakin ƙofa. Mu kuwa kusan kullum shinkafa muke ci. Sai mu daina ta ke nan? Daga wata uwargida a Marwa.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ba sai kun daina ba. Awon sukari giram 1.00 zuwa 1.25 a kowace litar jini gargaɗi ne, daga 1.26 ake kiransa ciwon sukari idan an maimaita gwajin. Har yanzu ana iya juya lamarin.

Shinkafa ba iri ɗaya ba ce. Wadda ta fi saurin tayar da sukari ita ce farar nan karyayya da shinkafar tuwo mai danƙo, musamman in an dafa ta ta yi lugub, ko an niƙa ta an yi waina ko kunu. Hanji ba ya shan wahala wajen narkar da ita, sai sukarinta ya kwarara cikin jini lokaci guda. Gumi, wato wadda aka turara da ɓawonta kafin a cashe ta, ta fi dama-dama: tururin yana ƙarfafa ƙwayar, sai ta narke a hankali. Basmati ma haka. Ta gida irin ta Yagwa ko ta waje, abin dubawa shi ne ƙwayar: in ta dahu ta tsaya warwar, ta fi wadda ke manne wa cokali.

Inda mutane suka fi kuskure shi ne yawa. An sayi gumi, sai a cika faranti. Dafaffiyar shinkafa daidai dunƙulen hannunsa ta ishe shi, kusan giram 150. Rabin farantin ya zama ganye, zogale ko alayyafo ko kuɓewa, sauran kuma wake ko kifi. Ku haɗa ta da wake rabi da rabi, kuma kada a bi ta da shayi mai sukari.

Shinkafar da ta kwana a firiji aka ɗumama ta sosai tana ɗan rage hawan sukari. Amma kada ta kwana a tukunya cikin zafin Marwa, tana kawo amai da gudawa.

Bayan cin abinci ya taka na minti 15. In kuna da na'urar awon sukari, a gwada awa 2 da fara ci. Ana so ya kasance ƙasa da 1.40. In ya wuce, ku rage ludayi ɗaya gobe, ku sake gwadawa.