Juya Kwalbar Ki Karanta Bayanta: Amsoshin Tambayoyinku Kan Man Shafawa

Anti, barka da aiki. Hunturu ya shigo, fatata ta yi furu-furu, ƙafafuna har ƙaiƙayi suke yi da dare. A kasuwar Sabon Gari na ga mai iri biyu. Ɗaya ɗan waje ne, an rubuta akwai zuma da madara da zinare a ciki, kuɗinsa ya ninka na ɗayan sau huɗu. Mai shagon ya ce mai tsadar ya fi. Wanne zan ɗauka? Daga wata uwar gida, Tudun Wada.

'Yar'uwa, mai shago kasuwarsa yake ci, ba zai ce miki mai arahar ya fi ba. Rubutun da ke gaban kwalba talla ce. Abin da ke cikinta yana baya, a ƙananan rubutun nan da ke ƙarƙashin kalmar Ingredients. Ƙa'idar da kamfanoni ke bi ita ce a jera sinadaran daga wanda ya fi yawa zuwa wanda ya fi ƙaranci, sai waɗanda ba su wuce kashi 1 cikin 100 ba, su ne ake zubawa a ƙarshe yadda aka ga dama. Ke nan sunaye biyar ko shida na farko su ne ainihin man. Kusan kullum za ki ga aqua a sahun gaba, ruwa ne kawai. In kika tarar da zumar da zinaren can ƙasa kusa da turare, to ɗigo aka saka don a samu abin rubutawa.

Ga abin da za ki duba. Akwai masu jawo ruwa su riƙe shi a fata, babbansu gilisarin, wanda ake rubutawa glycerin, sai urea da hyaluronic acid. Akwai masu rufe fatar kada ruwan ya gudu, irin su petrolatum, wato basilin ɗinmu, da mineral oil da dimethicone. Sai masu sa laushi, kamar man kaɗanya, wanda za ki gani da sunan Butyrospermum parkii. E, shi dai wannan na kasuwa, ana fita da shi waje a dawo mana da shi cikin kwalba mai ƙyalli.

A iskar Zariya daga Nuwamba zuwa Fabrairu, mai jawo ruwa shi kaɗai ba ya isa, domin iskar ba ta da laimar da zai jawo, wanda ya riƙe ma ƙafewa yake yi. Dole a samu mai rufewa a kansa, kuma a wannan aikin ba a samu wanda ya kai basilin ba. Don haka ki ɗora kwalaben biyu kusa da juna. Wanda gilisarin da basilin ko man kaɗanya suka fito a farkon jerinsa shi ne naki, ko da shi ne mai arahar. Tunda kina ƙaiƙayi, ki fifita wanda babu parfum a ciki, turare na cikin abubuwan da suka fi tayar da fata. Kada kalmar cetyl alcohol ta firgita ki, ba giya ba ce kuma ba ta busar da fata, wani abu ne mai kama da kaki da ke sa mai ya yi kauri. Alcohol denat ne mai busarwa.

Ki shafa da zarar kin fito wanka, jiki da sauran danshi. Ki kuma rage zafin ruwan wankan da yawan dirza da soso, su ma suna da hannu a ƙaiƙayin nan.

Anti, saura wata biyu bikina. Mai gyaran jikin unguwarmu tana haɗa wani mai a roba, ta ce na itatuwa ne zalla. Ƙawata ta shafa, cikin sati biyu ta yi fari tas. A kemis kuma an nuna min wani mai niacinamide da bitamin C, amma an ce yana da jinkiri. Ni tabon ƙuraje ne ya dame ni. Daga wata amarya, Gyallesu.

Ƙanwata, Allah ya sanya alheri, ya kai mu lokacin. Amma maganar gaskiya, ba za a iya gwada waɗannan biyun ba, domin ɗaya ya faɗi abin da ke cikinsa, ɗayan ya yi gum. Kuma babu kurkum ko karas ko lemon tsamin da zai sauya launin mutum cikin sati biyu. Abubuwan da ke irin wannan saurin sanannu ne, guda uku.

Na farko magungunan kumburin fata masu ƙarfi da ake kira sitiroyid, irin su clobetasol da betamethasone, waɗanda ake matsewa daga ƙananan tub a juye cikin haɗi. Likita kan ba da su na ɗan lokaci don wata cuta. In aka mai da su man kullum, fata tana sirancewa har jijiyoyi su bayyana, nankarwa mai faɗi ta fito a cinya da damtse, makero da ƙuraje su samu wurin zama, ciwo ya daina saurin warkewa. Wanda jiki ya tsotsa kuma yana iya tayar da hawan jini da ciwon suga. Ranar da aka daina, fuska ta yi ja ta hau raɗaɗi, sai a koma. Haka ake zama kwastoma ta dindindin.

Na biyu hydroquinone, mai hana fata yin sinadarin da ke ba ta launinta. Yawan amfani da shi na kawo wani baƙi mai shuɗi-shuɗi a kumatu da gefen ido, wanda da wuya ya goge. Tarayyar Turai ta cire shi daga kayan kwalliya tun 2001. Na uku makuri, wato mercury, wani sinadari mai guba da kan ɓuya da sunan calomel ko mercurous chloride. Wannan ƙoda yake ci, yana taɓa jijiyoyi, yana kuma isa ga ɗan da ke ciki. Ke da za ki shiga ɗaki, ki riƙe wannan da kyau. A 2023 shugabar NAFDAC, Farfesa Mojisola Adeyeye, ta bayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a Najeriya.

Ba na ce mai haɗin tana da mugun nufi ba. Da yawansu su ma ba su san me ke cikin farin garin da ruwan da suke sarowa ba.

Na kemis ɗin ya fi dacewa da damuwarki. Niacinamide, wani nau'in bitamin B3 ne, kashi 4 zuwa 5 ya isa, yana rage tabo a hankali ba tare da ya ɗaye launinki ba. Azelaic acid ma haka. Bitamin C kuwa ki sayi na kwalba mai duhu, in ya koma ruwan ƙasa ya lalace. Sai dai duk aikin banza ne in ba kya shafa man kariyar rana, domin rana ce ke ƙara wa tabo duhu. Lambar SPF da ke jikin kwalbarsa ce ke nuna ƙarfin kariyarsa: SPF 30 yana tare kusan kashi 97 na hasken da ke ƙona fata, SPF 50 kusan 98, don haka kada ki biya ninki saboda lamba. Sati takwas zai nuna sauƙi, ba zai share komai ba. Ki yi dilkarki da halawa, ragowar tabon hoda ta rufe ranar biki.

Ƙawar taki kuma, in ta daɗe tana shafawa, kada ta yanke rana ɗaya. Ta je asibitin koyarwa na Shika ta ga likitan fata a janye mata shi sannu a hankali.

Salamu alaikum. Ni ɗalibi ne, fuskata na da maiƙo da ƙuraje. Tsakanin salicylic acid da benzoyl peroxide wanne ya fi? Sabulun salo nake wanka da shi. Daga Kongo.

Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka dubi irin ƙurajen. In ƙanana ne masu baƙin kai ko farin kai, ƙofofin fata ne suka toshe, salicylic acid kashi 2 yana shiga cikin maiƙo ya buɗe su. In jajaye ne masu ruwa da zafi, benzoyl peroxide ne ke kashe ƙwayoyin cutar. Ka fara da mai kashi 2.5, aikinsa bai gaza na kashi 10 ba kuma bai kai shi ɗaye fuska ba. Yana cinye launin tufafi, ka kiyaye shaddarka da rigar filo. Kada ka fara su tare, kuma ka ba wanda ka zaɓa sati shida zuwa takwas kafin ka yanke masa hukunci.

Sabulun salo yana wanke maiƙo sosai, amma da toka ake yin sa, yana da kaifi. In ka haɗa shi da waɗannan fuskar za ta bushe ta yi ta saɓa. Ka bar shi a jiki, fuska ka nemo mai sauƙi. Ka kuma daina matsa, yawancin baƙin tabon daga farce yake.

Kaushi da faso sun hana ni sakat, basilin bai yi min ba. Daga wani magidanci, Samaru.

Malam, basilin rufewa yake yi, ba ya narkar da matacciyar fatar da ta yi kauri. Ka nemi mai ɗauke da urea kashi 20 zuwa 25. Na kashi 5 ko 10 na jiki ne, ba zai ci dunduniya ba. Da dare ka jiƙa ƙafar a ruwan ɗumi, ka goge da dutsen kaushi a hankali, ka shafa shi, ka bi da basilin, ka sa safa. Reza kam a'a. In kana da ciwon suga, ko fason ya fara jini, asibiti za ka fara kai ƙafar kafin kemis.